Makabartar Garinmu

Mutuwa rigar kowa ce. Kowane gari yana da kasuwa, da rijiya, da wurin ibada. Haka kuma dole ya sami wurin binne matattu. Wannan wuri shi mu ke kira makabarta. Wasu kuwa suna ce da shi hurumi.

Ina a ke binne mutum?

A ƙauyukanmu wurare uku mu ka sani: cikin gida, da gona, da makabartar gari.

Akan binne sarakuna da manyan malamai a cikin gari. Shehu Usman ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, kabarinsa yana Hubbare, a Sakkwato. Wannan wuri yana da masu tsaronsa. Amma gidan talaka fa? Wata rana za a raba gado. Mai yiwuwa a sayar da gidan. Baƙon da ya saya bai san kome ba, sai ya haƙa masai ko rijiya a kan kabarin kakanmu.

Gona ma haka ta ke. Yau tamu ce, gobe an jinginar da ita. Bayan 'yan shekaru tudun kabari ya baje, garma ta bi ta kai.

Makabartar gari kuwa ta kowa ce. Ba a gadonta, ba a sayar da ita. Mai kuɗi da matalauci da baƙon da ya rasu a hanya, duk ɗaya su ke a cikinta. Saboda haka ita ta fi.

Wa ke ba da fili?

Dagaci da dattawa su ke zaɓen wuri, sa'an nan su kai magana gaban hakimi. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa kafa makabartu da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. To, mu nemi ƙaramar hukumarmu ta rubuta iyakokin filin a takarda, da sunayen shaidu. A ajiye takardar wurin dagaci. Dattawan da su ka san iyaka za su shuɗe, amma takarda tana nan. Inda Musulmi da Kirista su ke zaune tare, kowa a yanka masa nasa fili.

Wane irin wuri ya dace?

Mu lura da abu uku.

1. Ya zama tudu, ba fadama ba. In ruwa ya yi yawa da damina, yakan rusa kabarin da ke kwari.

2. Ya yi nesa da ruwan sha. Ruwan sama yana nutsewa cikin ƙasa, ya bi ta kaburbura, ya gangara rijiya. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ba da shawara a bar mita 250 tsakanin makabarta da rijiyar da a ke sha. Watau taki 300 da 'yan kai na babban mutum.

3. Ya zama da faɗi, domin gari ƙaruwa ya ke yi.

Yadda a ke haƙa kabari

A wurin Musulmi, tsawon kabari daga kudu zuwa arewa ya ke. Da fari a haƙa rami mai faɗi, shi ne uwar kabari. A cikinsa a haƙa siriri daidai jikin mamaci, shi ne ɗan kabari. A kwantar da gawa ta gefen dama, kai a kudu, fuska tana duban alƙibla. Sa'an nan a jera itatuwa ko fasassun tukwane, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a mai da ƙasa a yi tudu. Kada a yi ganda wajen zurfi, don kada kura ko kare su tone. A riƙa yin kaburbura a jere, a bar hanya tsakani. Ta haka fili zai daɗe bai cika ba, masu ɗauke da makara kuma ba za su taka kabari ba.

Aikinmu ne duka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kewaye makabartarmu da shinge ko katanga, don kada dabbobi su shiga, kada kuma maƙwabcin gona ya riƙa cin iyaka. Mu tanadi diga, da shebur, da makara, mu ajiye su wuri ɗaya sananne. Bayan damina mu fita gayya, mu nome ciyawa, mu cike kabarin da ya rufta. Kada mu sa wuta. Wanda mu ka gyara wa makwanci yau ba zai iya gode mana ba, amma haka mu ke so na baya su yi mana.

Tambayoyi

1. Me ya sa makabartar gari ta fi gona?
2. Taki nawa ne tsakanin makabartarku da rijiyarku?
3. Wa ke riƙe da takardar filin makabartarku?