Abin da ya kamata ku sani: ɗumama gida da sanyaya shi daga ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi da asubar hunturu ya san da ɗumi-ɗuminsa yake fitowa, kuma shi ne dai mai fitowa da sanyi a tsakiyar bazara. Ruwan yana nan yadda yake, iskar sama ce ke juyawa. Da zarar an nutsa kamar mita 10, zafin ƙasa kan tsaya kusan wuri guda duk shekara, dab da matsakaicin zafin garin da ke samanta. A Jamus wajen digiri 10 ne, ko da ƙanƙara ta rufe tituna.

Da wannan ne masu gini a Suwidin, Jamus, Suwizalan, Kanada da Amurka suke rage kuɗin ɗumama gidaje. Sukan binne dogon bututun roba mai ƙwari, ruwa gauraye da maganin hana daskarewa yana zagayawa a ciki yana tsintar ɗumin ƙasa, ya kai shi ga wata na'ura a cikin gida. Injinta irin na firij ne: gas ɗin ciki ya sha wannan ɗan ɗumi, kwamfuresa ta matsa shi har ya yi zafi sosai, sannan ya miƙa zafin ga ruwan da ke zagaya ɗakuna. Da zafi ya shigo sai a juya aikin, a kwashi zafin ɗaki a zuba wa ƙasa. Ba a ƙona komai. Hita mai waya, idan ta ci kilowat 1 na lantarki, kilowat 1 na zafi take bayarwa, ita kuwa wannan takan ba da 3 zuwa 5, domin ɗauko zafin take yi daga inda yake.

Dabarar ta daɗe. Tun 1938 aka ɗumama zauren majalisar birnin Zurik na Suwizalan da zafin da ake ja daga kogin Limmat. Suwidin ta rungume ta bayan tashin farashin mai na shekarun 1970, har ta kai kusan gida ɗaya cikin biyar na masu zaman iyali guda da ita yake ɗumi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fara zancen daga na'ura. Gwanin aikin daga gida yake farawa: ya auna bango, rufi, tagogi da kafofin da iska ke kurɗawa, ya lissafa zafin da gidan ke zubarwa a daren da ya fi kowane sanyi. In akwai ɓaraka, a toshe ta tukuna, a sa gilashi mai ruɓi biyu, a shimfiɗa abin tare zafi a saman silin. Kowane kilowat da aka rage a nan, mitocin haƙa ne aka rage a waje, haƙan kuwa shi ne mai cin kuɗi.

Ga misalin lissafin. A ce gida yana buƙatar kilowat 8. Wajen 2 za su fito daga lantarki, 6 daga ƙasa. Dutse mai ƙarfi ko ƙasa mai jiƙe kan iya ba da kamar wat 50 a kowace mita ta rami, ke nan mita 120 ta wadatar. Idan busasshen yashi ne mai ba da wat 25, sai an haƙa mita 240. Gida ɗaya, na'ura ɗaya, amma aikin ya ninka. Shi ya sa a manyan ayyuka ake fara haƙa ramin gwaji, a tura masa zafi na kwana biyu zuwa uku, a ga yadda ƙasar ke shanyewa. Wanda ya yi rowar bututu zai ga ƙasar tana ƙara sanyi kowane hunturu har ta daskare a jikinsa, kuɗin wuta ya yi ta hawa. Wanda kuma ya sayi na'urar da ta fi ƙarfin gidan, za ta riƙa tashi tana mutuwa a kai a kai, kwamfuresa ta gaji da wuri.

Mai fili yana iya kwantar da bututun a dogon ramin da zurfinsa bai wuce mita 2 ba, sai dai filin yakan kai ninki biyu na faɗin ɗakunan, kuma ba a dafe shi da siminti, tunda rana da ruwan sama ne ke mayar masa da ɗumi. Mai ƙaramin fili sai ya nufi ƙasa kamar rijiyar burtsatse, mita 50 zuwa 200, a bar tazarar kamar mita 6 tsakanin ramuka, a cike kewayen bututun da kwaɓin yumɓu da siminti. A cikin gida kuma, bututun ƙarƙashin daɓe mai aiki da ruwan digiri 35 ya fi tsofaffin ƙarafunan ɗumama ɗaki masu neman 55 ko fiye sauƙin wuta.

Cikon ramin burtsatsen nan ba abin wasa ba ne. A 2007 an haƙa ramuka bakwai a garin Staufen na kudancin Jamus don ɗumama ginin hukumar gari. Haƙan ya buɗe wa ruwa hanya zuwa wani shimfiɗin dutse da ke kumbura idan ya jiƙe. Tsakiyar gari ta fara ɗagawa, gine-gine fiye da 200 suka tsattsage. Don haka ake neman izini da taswirar abin da ke ƙasa kafin a kafa injin haƙa.

To mu fa da zafi ne damuwarmu? A Kano ko Sakkwato ƙasar kanta tana wajen digiri 27 zuwa 29. A watan Afrilu, lokacin da iska ke haura 40, zuba zafin ɗaki a cikinta ya fi sauƙi a kan yadda na'urar sanyaya ɗaki ke fama da tura shi cikin iskar rana. Amma akwai tarko: Bature yana cire ɗumin ƙasa lokacin sanyi ya mayar mata lokacin zafi, mu kuwa zubawa kawai za mu yi ta yi, ƙasar ta riƙa ɗumama shekara bayan shekara har ribar ta shanye. Maganinsa a tsawaita bututu, a nemi inda ruwan ƙasa ke gudana, ko a karkatar da wani kaso na zafin zuwa ruwan wanka da wanki. A ganina asibiti da otal, masu buƙatar sanyi da ruwan zafi dare da rana, su suka fi dacewa da wannan dabara a wajenmu, muddin akwai tsayayyen lantarki. Gidan mai ƙaramin ƙarfi kuwa, inuwar bishiya da silin mai tare zafi za su fi yi masa rana a kan kuɗi kaɗan.

Na'urar cikin gida kan yi shekara 20 zuwa 25 kafin a sauya ta, bututun da ke ƙasa ya haura 50. Saboda haka mai gida ya karɓi takardar lissafin zafin gidansa, da zurfin kowane rami, da zanen inda bututun ya bi, ya adana su tare da takardun fili domin wanda zai zo gyara ko haƙa a gaba.