Doguwar Tafiya A Jirgin Sama: Kada Kunya Ta Cuce Ka

A da, in aka ce wane ya hau jirgin sama, labari ne da za a kwana ana yi a unguwa. Yanzu kuwa da wuya a sami gundumar da ba ta da 'yan'uwa da suka je ziyarar Ƙasa Mai Tsarki, musamman tun da aka kafa Hukumar Kula da Maziyarta Kirista ta Nijeriya a 2007. Ga kuma iyaye masu zuwa ganin jikoki a Ingila da Amurka, ga 'ya'yanmu masu tafiya karatu. Daga Abuja zuwa Landan awa 6 ne da 'yan kai, daga Legas zuwa Atlanta kuwa wajen awa 12 ne, mutum yana zaune a kujera ɗaya.

Yawancin masu shirin tafiya, tsoronsu ɗaya ne, kada jirgi ya faɗi. Amma abin da ya fi wahal da mutanenmu a sama shi ne kunya. Dattijuwa za ta ƙi shan ruwa tun daga gida domin kada fitsari ya matse ta. Dattijo zai zauna kamar an dasa shi, gama ba ya so ya ta da baƙon da ke barci kusa da shi. Wannan ladabi yana da kyau a zaure, amma a jirgi yana iya kai mutum asibiti.

Abin da ke faruwa da jiki a sama

Jirgin doguwar tafiya yana tashi sama da mita 10,000. Ana matsa iska a cikinsa domin a iya numfashi, duk da haka jiki yana ji kamar yana kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, watau ya fi tudun Jos da ke wajen mita 1,200. Saboda haka iskar da ke shiga jini takan ragu kaɗan. Mai lafiya ba zai ji kome ba sai 'yar kasala, amma mai ciwon zuciya, ko na huhu, ko mai sikila, dole ya ga likita kafin ya sayi tikiti. Haka ma mace mai juna biyu: yawancin kamfanonin jirgi suna neman takardar likita bayan mako 28, ba su kuma ɗauka bayan mako 36.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu. Leɓe yakan tsage, hanci ya bushe, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi. Maganin abin shi ne ruwa, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Ka roƙi ma'aikatan jirgi duk lokacin da ka ji ƙishi, aikinsu ke nan, kuɗin tikitinka kuma ya biya. Ka rage kofi da shayi mai ƙarfi. Ɗan man kaɗanya a aljihun jaka zai taimaki leɓe da hannu.

Babban haɗarin shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa. In mutum ya daɗe a zaune ƙafa a lanƙwashe, jini yakan yi nauyin komawa zuciya, har ya dunƙule. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, rai na iya salwanta. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa haɗarin yakan ninka sau biyu bayan tafiyar awa 4 a zaune, ko da yake wajen mutum 1 cikin 6,000 ne abin ke samu. Tsofaffi, da masu ƙiba, da masu ciki, da wanda aka yi wa tiyata ba da daɗewa ba, su suka fi shiga haɗarin. Doguwar tafiyar mota ma haka take.

Saboda haka ka tashi bayan kowane awa ɗaya ko biyu, ka taka zuwa makewayi ka dawo. In kana zaune, ka riƙa ɗaga diddige, ka juya idon sawu, kamar mai taka keken ɗinki. Kada ka cika gaban ƙafarka da kaya. Wanda ya san yana yawan fita, ya roƙi kujerar bakin hanya tun wajen awon kaya, ya bar ta taga ga matasa. In kuwa bayan an sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, a tafi asibiti nan da nan, a kuma faɗa wa likita an yi doguwar tafiya. Alamun suna iya fitowa bayan kwanaki, har makonni.

Shirin zaune ya fi na tsaye

Ka sa tufafi masu walwala da takalmi marar matsi, gama ƙafa takan ɗan kumbura. Jirgi yana da sanyi, mata su riƙe ƙarin zane ko mayafi, maza rigar sanyi da safa. Iskar da ke cikin hanji takan kumbura a sama, don haka a bar wake da alale da lemun kwalba sai an sauka.

Maganin hawan jini da na ciwon sukari su zauna a jakar hannu cikin kwalinsu, tare da takardar likita, domin akwati yana iya makara ko ya bi wani jirgi. A yawancin filayen jirgi ba a wucewa wurin bincike da ruwa ko mai da ya fi mililita 100. Ka riƙe gorar da ba kome a ciki, ka cika ta bayan an bincike ka. Mai bukatar abinci marar gishiri ko na masu sukari, da wanda ba ya iya doguwar tafiya a ƙafa yana bukatar keken guragu, a sanar da kamfanin jirgi kwana biyu kafin tashi. Shugabannin ayari su lura da wannan, gama dattawa da yawa ba za su buɗe baki su roƙa ba.

Lokacin sauka kunne yakan toshe, wani lokaci da zafi. Ka haɗiye yawu, ka yi hamma, ko ka tsotsi alewa. Jariri a ba shi nono, kukan zai lafa. Bel ɗin kujera kuwa ya zauna a ɗaure muddin kana zaune, ko da fitilar gargaɗi a kashe take. A watan Mayu 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya shiga mummunar girgizar iska, mutum ɗaya ya rasu, da yawa suka ji rauni.

Sai batun agogo. Urushalima tana gaba da mu da awa 1 ko 2, gwargwadon lokacin shekara, wannan ba ya da wuya. Amma gabashin Amurka yana bayanmu da awa 5 ko 6, sai ka ga barci ya kama ka da la'asar, ido kuma ya bushe da tsakar dare. Ka gyara agogonka tun cikin jirgi, in ka isa da rana ka fita ka sha haske, ka daure har dare ya yi.

Ga matasa da ke cikin ayari, kada ku zauna wuri ɗaya ku bar iyayenmu su kaɗai. Makewayin jirgi yana da ƙofa mai naɗewa da sakata, ruwansa kuma yana tafiya da ƙara mai firgitarwa. Ku raka Mama sau ɗaya, ku nuna mata, daga nan ba za ta ƙara jin tsoron shan ruwa ba. Matambayi ba ya ɓata, amma wanda kunya ta hana tambaya, sai a je a same shi.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo mana da ku lafiya.