Lissafin da ke bin sawun sauro mai taurin kai

Duk lokacin da damina ta kankama, masu saurarenmu a rediyo sukan yi mana tambaya guda: me ya sa maganin da ya kashe sauro bara, bana sai a fesa shi sauron ya tashi abinsa? Akan ce sauro ya saba. Gaskiyar ita ce sauro ɗaya ba ya sabawa. Waɗanda aka haifa da wani canji a ƙwayoyin gadonsu su ne ke tsira, su hayayyafa, su bar wa ƴaƴansu. To ta yaya wannan taurin kai ke tashi daga wani gari ya isa wani? A nan ne masana lissafi suka shigo.

A 1937 wani masani ɗan Ingila, Ronald Fisher, ya nuna cewa canji mai amfani yana bazuwa kamar wutar daji, kuma ana iya lissafa saurinsa da abu biyu: yawan fifikon da yake bai wa mai ɗauke da shi, da nisan da ƴaƴa ke yi daga inda aka haife su. Abin mamaki, in fifikon ya ninka sau 4, saurin sau 2 kawai yake ninkawa. A 1953 Motoo Kimura na Japan ya ƙara da cewa halittu ba a shimfiɗe suke kamar tabarma ba, rukuni-rukuni suke, kowane yana cuɗanya da maƙwabcinsa kaɗai. Duk wanda ya san yadda tabkuna ke warwatse a karkararmu zai gane wannan hoto nan take.

Inda lissafin ya fi burge mu shi ne kudancin Faransa, kusa da birnin Mampeliye. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara fesa magani a bakin teku, faɗin kimanin kilomita 20, ban da cikin ƙasa. Sauro mai jure magani ya yi yawa a gaɓar, amma yana raguwa in aka nausa ciki, domin juriyar tana da tsada: inda babu magani, mai ita ya fi sauran rauni. A 1998 Thomas Lenormand da Michel Raymond suka lissafa cewa in yankin feshi bai wuce wani faɗi ba, sauron waje marar juriya zai riƙa kwararowa yana tsarma jinin na ciki, juriyar ta kasa kafuwa. Wato girman filin da aka fesa shi ma magani ne, ba ƙarfin guba kaɗai ba.

Mu ma abin ya shafe mu. Tsakanin 2005 da 2006 an raba sange mai magani fiye da miliyan 2 a faɗin Nijar, kuma a 2008 masu bincike na cibiyar CERMES da ke Yamai suka bayyana cewa canjin da ake kira kdr, mai sa sauro jure maganin sange, ya ƙaru bayan rabon. Kada wani ya ce mun ce a naɗe sange, ko kusa. Ya ceci yara masu yawa, kuma ko ba magani yana tare cizo.

Sai dai akwai abin da ya dagula lissafi. A 2019 aka fitar da wani bincike da aka yi a Mali, inda aka ɗaura taruna masu danƙo a jikin balan-balan, tsayin mita 40 zuwa 290. An kama sauron zazzaɓi can sama, galibi mata da suka riga suka sha jini, kuma aka ƙiyasta iska na iya kai su har kilomita 300 a dare guda. In haka ne, maƙwabcin tabkin Madarunfa ba lalle ne ya zama tabkin da ke kusa da shi ba, kuma nisan da Fisher ya sa a lissafinsa sai an sake auna shi a Sahel.