Keke da Tudu a Turbobin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A Turai akan keɓe wa masu keke hanyarsu, inda mota ba ta shiga. A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa, burtali da turbar gona ne suka daɗe suna wannan aiki, kuma galibi kewaya duwatsu suke yi maimakon haura su. Akwai dalili. Idan mahayi ya tunkari tudu, tsokar cinyarsa kan ƙone sukari fiye da yadda jini ke iya kawo mata iskar oksijin, sai haki ya taso, ƙafa ta yi nauyi. Kewaye ya fi nisa, amma yana rarraba wa tsoka aikin kaɗan-kaɗan.

Sai dai 'yan bindiga, irin waɗanda suka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, sun sa mahayi ya fi fargabar daji a kan tudu.