SHAWARA IRI-IRI CE: IN TSAKUWA TA TOSHE HANYAR MAƊACIYA

A garuruwanmu na Agye, Gazawa da Gidan Runji, da zarar idon mutum ya yi rawaya sai a ce shawara ta kama shi. Nan da nan a haƙo saiwar rawaya, a jiƙa, a ɗura masa safe da yamma. Sau da yawa har a hana shi zuwa likita, wai shawara ba ta son allura. To, ƴan uwa masu karatu, ya kamata mu sani cewa rawayar ido alama ce kawai, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana kawo ta, kumburin hanta yana kawo ta, amosanin jini ma haka. Akwai kuma wata shawara da tsakuwa ke haddasawa in ta toshe hanyar maɗaciya. Wannan jiƙo ba ya buɗe ta, kuma jinkiri a kanta yana kai mutum kabari.

INA TSAKUWAR TAKE FITOWA?

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san maɗaciya, ƴar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda wasu ke kira matsarmama. Ɗan Adam ma yana da ita a gefen dama na cikinsa, ƙarƙashin haƙarƙari. Hanta tana yin ruwa mai ɗaci, wajen rabin lita zuwa lita guda kowace rana. Maɗaciya ce ke ajiye wani kashi nasa, in mutum ya ci abinci mai maiƙo sai ta matse shi ya bi ta wani siririn bututu ya zuba cikin hanji, ya taimaka wajen narkar da maiƙon. Faɗin wannan bututu bai cika wuce milimita 6 ba, wato bai kai kaurin fensir ba.

Wani lokaci ruwan yakan yi kauri ya dunƙule ya zama tsakuwa, wata kamar ƙwayar gero, wata kamar gyaɗa, wata har ta kai ƙwan zabo. Ba tsakuwar da ake tauna a cikin tuwo ba ce, cikin jiki take samuwa. Ta fi kama mata, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, da wanda ya haura shekara 40, da mai ƙiba. Masu amosanin jini kuwa, wato sikila, sukan same ta tun suna yara, saboda jininsu yana yawan fashewa, dattinsa ya taru a maɗaciya.

Mutane da dama suna da tsakuwar nan har su tsufa ba su sani ba, domin tana kwance a jakarta. Wahala tana farawa ne ranar da ta gangaro ta maƙale a bututu. Cikin mutum 10 da tsakuwa ke damu, ana samun 1 ko 2 da ta gangaro musu. Kamar rariyar gida ce da damina: in ta toshe, ruwa ya koma tsakar gida. Haka ruwan ɗacin yake komawa hanta, ya shiga jini, ya rine ido da fata.

ALAMOMI UKU

Tun shekarar 1877 wani likitan Faransa mai suna Sharko ya bayyana alamomi uku da ke nuna bututun ya toshe kuma ƙwayoyin cuta sun shiga. Har yau da su ake aiki.

Ta farko, ciwo mai tsanani a gefen dama na ciki ko a bakin tumbi, wanda kan harba zuwa baya ko kafaɗar dama. Yakan taso bayan an ci abu mai mai, kamar tsire, ƙosai ko soyayyen nama, ya ɗauki sa'o'i, tare da amai.

Ta biyu, zazzaɓi mai zafi da makyarkyata.

Ta uku, rawayar ido, wadda kan biyo baya cikin kwana ɗaya ko biyu. Fitsari ya yi ja kamar shayi mai kauri, bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, jiki ya riƙa ƙaiƙayi.

Farin bayan gida muhimmiyar shaida ce, domin ruwan maɗaciya ne ke ba shi launinsa. In ya yi fari, ke nan ruwan ba ya isa hanji. In kuwa mara lafiya ya fara sambatu, ko jikinsa ya saki, hannu da ƙafa suka yi sanyi, to cutar ta shiga jini, sa'o'i ake ƙirgawa. Tsakuwar kuma tana iya kumbura wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira pankireyas, shi ma babban haɗari ne.

YADDA LIKITA KE GANE TA

Da farko a gidan likita na CSI za a yi awon zazzaɓin cizon sauro, tun da shi ya fi yawa a ƙasarmu. Amma a lura: mutum yana iya samun cutar sauro a jininsa alhali tsakuwa ce ke cin sa. In an sha magani ciwon gefen dama bai lafa ba, a koma a faɗa.

A asibitin gunduma ko na Maraɗi ana awon jini don a ga yawan ruwan ɗacin da ya shiga jini, a kuma bambanta toshewar bututu da kumburin hanta. Sannan a yi hoton ekogarafi, irin wanda ake yi wa mata masu ciki. Ba ya zafi, ba a huda jiki, sai dai akan so mutum ya je bai ci kome ba na wajen sa'a 6. Hoton yana nuna tsakuwar da ke cikin maɗaciya sarai. Wadda ke cikin bututu takan ɓuya bayan iskar hanji, amma likita zai ga bututun ya buɗe fiye da kima, ya gane akwai abin da ya tare gaba. In da shakka, ana neman hoton da ya fi zurfi, irin su sikana da IRM, a manyan asibitoci.

Wani dalilin yin hoto shi ne, ba tsakuwa kaɗai ke toshe bututu ba. Dattijon da idonsa ya yi rawaya ba tare da ciwo ba, yana ta rama, mai yiwuwa ƙari ne ya danne hanyar. Shi ma a gaggauta kai shi.

YADDA AKE MAGANCE TA

Aikin farko shi ne a kwantar da mara lafiya, a yi masa ƙarin ruwa, a ba shi allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta rage ciwo. Allurar nan da ake gudu, ita ce ke riƙe ransa kafin a buɗe hanya. Amma ba ta narkar da tsakuwa. Tilas a cire ta.

Hanya ɗaya ita ce ta baki. Likita yana zura wani dogon tiyo mai fitila ta baki, ya ratsa tumbi har bakin bututun, ya faɗaɗa ƙofar, ya jawo tsakuwar ta faɗa hanji, ba tare da an tsaga ciki ba. A shekarar 1974 aka fara wannan aiki a Jamus da Japan. Yana bukatar na'ura mai tsada da ƙwararren likita, don haka sai a manyan asibitocin birane.

Hanya ta biyu ita ce fiɗa. Likita yana buɗe bututun ya fid da tsakuwa, wani lokaci ya bar ƴar roba tana fitar da ruwan ɗacin waje na ƴan makonni, har wurin ya warke. Ko ta wace hanya aka bi, galibi ana cire maɗaciyar kanta, domin ita ce mahaifar tsakuwa, in an bar ta wata za ta sake gangarowa. Wannan ba sabon aiki ba ne: tun 1882 wani likita mai suna Langenbuk ya fara shi a birnin Balin, kuma tun wajen 1985 ake yin sa ta ƙananan huji. Kada kowa ya tsorata. Mutum yana rayuwa lafiya lau ba maɗaciya, ya yi noma, mace ta haihu, domin hanta ba ta daina aikinta, ruwan sai ya riƙa zuba hanji kai tsaye.

ABIN DA YA KAMACE MU

Agye, Gazawa da Gidan Runji duk suna kan babbar hanya mai lamba 1 da ke kai mutum Maraɗi. Sau da yawa ba nisa ke cutar mu ba, kwanakin da ake ɓatawa a gida ne. Mutumin Gangara, ko Cadakori, ko Saye Sabuwa da aka yi mako guda ana ba shi jiƙo, yakan iso asibiti ƙoda ta gaji, jini ya lalace, fiɗa ta yi wuya, kuɗi su ninka. Saboda haka:

1. Duk rawayar ido da ta haɗu da ciwon gefen dama ko zazzaɓi, a kai ta likita ran nan, ko dare ne.

2. A duba launin fitsari da na bayan gida, a gaya wa ma'aikacin lafiya ba tare da kunya ba.

3. Kada a sayi ƙwayar kashe ciwo wurin ƴan talla. Tana rufe alama, cuta tana ci gaba, wata ma tana ƙara wa hanta nauyi.

4. In an ba da takardar zuwa asibitin gunduma ko Maraɗi, a tafi da ita nan take, kada a jira ranar kasuwa.

5. Iyayen masu amosanin jini su lura da ciwon ciki da ya bambanta da wanda yaro ya saba, su nemi a yi hoto.

Muna kira ga masu gari, limamai, malaman yaƙi da jahilci da shugabannin ƙungiyoyin mata su karanta wa jama'a wannan bayani. Kowane gari kuma ya tanadi ɗan asusu na kuɗin mota, don kada rashin abin hannu ya kwantar da mutum a ɗaki. Masu maganin gargajiya su ma suna da babban taimako: in suka ga alamomin nan uku, su ce wa dangi wannan ta asibiti ce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya, amin.