ƘAUYEN DA AKA RABA BIYU DA KATANGA A JAMUS

A ƙasar Jamus, kusa da garin Hof, akwai wani ɗan ƙauyen manoma da ake kira Mödlareuth, wanda mazaunansa ba su wuce hamsin ba. Wani rafi mai suna Tannbach ya ratsa tsakiyarsa, ƙanƙantarsa kuwa har yaro na iya tsallake shi.

Tun zamanin sarakuna wannan rafi shi ne iyaka. A 1810 aka kafa duwatsun shaida tsakanin masarautar Bavariya da ta Reuss, amma abin bai dami talakawa ba. Makarantarsu ɗaya ce, a tsallaken da yau yake cikin jihar Turingiya, coci kuma sai su tafi Töpen ta ɓangaren Bavariya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amari ya sake. Bavariya ta faɗa hannun Amurka, Turingiya kuma hannun Rasha, watau ɗan rafin nan ya zama iyakar Jamus ta Yamma da Jamus ta Gabas. A 1952 hukumar Gabas ta kafa shingen katako. A 1966 ta gina katangar kankare mai tsawon mita 700, tsayinta ya haura mita 3, da hasumiyar masu gadi. Sojojin Amurka suka laƙaba wa ƙauyen suna "Ƙaramar Berlin". Mutum na jin carar zakaran maƙwabcinsa, amma ko ɗaga masa hannu haramun ne ga mutanen Gabas. Duk wannan tsaro bai hana wani direba haurewa da tsani a 1973 ba.

Ran 9 ga watan Disamba 1989, wata guda cif bayan faɗuwar katangar Berlin, aka huda ƙofa don masu tafiya a ƙasa. Ran 17 ga Yuni 1990 aka rushe katangar, aka bar wani yanki wanda ya zama gidan tarihi, baƙi na zuwa kallo daga ƙasashe dabam-dabam.

Abin mamaki, har yau ƙauyen na ƙarƙashin jihohi biyu. Lambar gidan waya daban, ta tarho daban, haka ma ta motoci. Ko gaisuwa ta bambanta: a tsallaken Bavariya a ce "Grüß Gott", a na Turingiya kuwa "Guten Tag".