Wayar da ke iya tsayar da taro cak a ma'aikata

Ƙarfe goma saura kwata, babban sakatare na kan hanya, hadimi ya buɗe kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, sai ya tarar bakin wayar majigin ɗakin taro bai dace da ko ɗaya daga cikin kafofinta ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ofisoshin Abuja, inda sabuwar kwamfuta ke zama ɗaki guda da tsohon majigi.

Tushen matsalar bambancin zamani ne. Wayar nan mai shuɗin baki da allurai 15, wato VGA, kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Hoto kaɗai take ɗauka, a tsarin analog, babu sauti. HDMI ta 2002 da DisplayPort ta 2006 kuwa dijital ne, hoto da sauti suna bin waya ɗaya. Shi ya sa haɗa kwamfuta mai HDMI da majigi mai VGA ke buƙatar adafta mai juya siginar, kuma hanya ɗaya take aiki: wadda aka yi daga HDMI zuwa VGA ba ta yin akasin haka.

Kafar USB-C ma tana yaudara. Siffarta ɗaya a kowace kwamfuta, amma sai wadda ke da Thunderbolt ko damar DisplayPort ce ke fitar da hoto.

A kwamfutar tebur mai katin hoto na daban, kafofin katin, waɗanda ke can ƙasa a bayanta, su ake jonawa. Wanda ya jona a na sama sau da yawa baƙin allo zai gani, har ya rubuta takardar neman sabon allo alhali lafiyarsa ƙalau. Haka nan HDMI 1.4 na kai hoton 4K sau 30 ne kawai a daƙiƙa. Sau 60 sai HDMI 2.0.

Kafin a sa hannu kan takardar saye, ko a aiki direba Banex, a ɗauki hoton kafofin ɓangarorin biyu da waya. A kuma gwada majigi tun jajiberin taro, domin da safe ake kama fara.